Shekara Huɗu Ina Taubashin Mahaifiyata

Ranar sadakar uku ta Inna, muna zaune a ƙofar gidana a Kazaure ana karɓar gaisuwa, wani dattijo da muka yi aiki tare ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, sai haƙuri. Allah ya hutar da ita, ku ma ya hutar da ku." Na ce amin, don ba a musu a wurin makoki. Bayansa dangin mai ɗakina suka iso daga Babura, su ma zancen ke nan: kun sha fama, gigin tsufa ba daɗi, Allah ya ba da lada. Can wata tsohuwa daga Gwiwa, wadda suka yi tallan nono tare da Inna tun suna 'yan mata, ta sa aka kira ni soro. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe kai ne ɗan farin. Wayyo ni. An ce har ta tafi ba ta san ka ba." Ta fashe da kuka saboda tausayina, ni kuma dariya ta ƙwace mini. Ƙanena ya taka mini ƙafa. Tun ranar ake raɗe-raɗi a dangi cewa mutuwar ta ɗan taɓa ni a ka.

Lafiyata lau. Na yi kukana, kuma har yanzu ina yi duk sanda na shiga ɗakinta na ga ƙorenta a kife. Amma ba zan yarda a tuna da Inna a matsayin tsohuwar da ta rikice ta wahalar da mutane ba. Wahala kam an sha, ba zan ɓoye ba. Sai dai shekara huɗun da ake yi mini jajensu, a cikinsu na samu uwa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don jikokinta su san wadda aka rasa, don kuma tsohuwar Gwiwa ta share hawayenta idan aka karanta mata.

Mu Fulani ne na wata ruga a ƙasar Roni, ni ne kuma ɗan Inna na fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce. Hausawa ma suna yi, amma tamu ta fi tsanani, ta Inna kuwa ta fi ta kowa. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar Baba, a cikin garin Roni. Ita ta raine ni, ita ta sa ni makaranta. Daga nan sunana a bakin Inna ya zama "ɗan Goggo", shi ma ba ta faɗa sai ta rasa yadda za ta yi. Idan na zo hutu ba ta duba na. Za ta dama fura ta ajiye a gindin bukka, ta ce wa iska, "A ce wa ɗan Goggo ga abu can." Na taɓa shiga na same ta ita kaɗai a gida, babu wanda za ta aika. Sai ta juya ta dubi wata akuya da ke ɗaure ta ce, "A tambayi mutanen Roni ko sun zo lafiya." Ni ma na dubi akuyar na ce lafiya lau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da kowa Inna mai fara'a ce. Dariyarta daga rijiya ake jiyo ta. Ba ta raga wa kowa da tsokana, har surukanta. Za ta shinshina nono ta faɗi saniyar da aka tatsa. Baƙo ba ya gama sallama sai ta ce, "Wanke hannunka tukuna, labarin ba gudu zai yi ba." Ƙannena suna hawa jikinta, suna ja mata kitso, tana zaginsu tana dariya. Ni kuwa da na shigo sai ta ja mayafi ta juya baya, kamar an kashe rediyo.

Na san al'ada ce. Sani daban, zuciya daban. Ina da shekara ashirin da wani abu, ban daɗe da fara aikin malamin dabbobi ba, zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ni a asibiti a nan Kazaure har aka fara cire rai da ni. Kowa ya zo. Baba ya zo, Goggo ta tare a gindin gadona, har makiyayan da nake yi wa shanunsu allura sun zo. Inna ba ta leƙo ba ko sau ɗaya. Da na warke, ranar Sallah muka taru a ruga, wani kawuna ya ce in je in gaida uwata ta ga na miƙe. Ni kuma ga ƙuruciya, ga boko yana hayaƙi a kaina, na ɗaga murya yadda za ta ji na ce, "Ni uwa ɗaya na sani, Goggo. Wadda ta haife ni ko gawata aka fito da ita ba za ta ɗaga kai ba." Inna tana dama fura, ludayinta bai tsaya ba.

Na yi nadama tun kafin in kai bakin hanya. Amma ta yaya za ka nemi gafarar wadda ba ta yarda ku haɗa ido? Na yi ta cewa sai wata Sallar. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, Goggo ta rasu, Baba ya rasu, na yi ritaya, maganar tana nan a wuyana fiye da shekara talatin.

Ciwon ya fara mata a hankali. Ƙanena da take zaune a wurinsa a ruga ya ce tana sallar la'asar sau uku, tana neman shanun da aka sayar tun Baba na da rai. Wata rana ta dama fura da ruwa zalla ta manta da nono, a nan kowa ya san ba lafiya ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, wasu suka ce iska ce. Daga baya muka kai ta wurin likita a Kano, ya ce ciwon mantuwa ne da kan zo wa wasu da tsufa, ba ya warkewa, amma ana iya sauƙaƙa mata. Ya ce kada a riƙa yi mata gardama, kada a bar ta ita kaɗai, a bar hannunta a kan aikin da ta saba. Muka yi shawara a dawo da ita gidana, don mun fi kusa da asibiti. Da tana cikin hayyacinta, ko ɗaure ta aka yi ba za ta kwana a gidan ɗan fari ba.

Ranar da aka kawo ta, na fito na karɓi ƙullin kayanta, kaina a sunkuye kamar yadda na saba. Sai na ji shiru. Na ɗago, na ga Inna ta kafe ni da ido. Wallahi ranar na fara ganin ƙwayar idon uwata sosai, ashe ruwan ƙasa ce. Fuskarta ta washe, ta kai mini duka a kafaɗa ta ce, "Kai! Taubashi! Ashe kana nan da ranka, mummuna?"

Taubashin nan ɗan kawunta ne, abokin wasanta, wanda suka tashi tare suna kiwon maruƙa. Ya rasu ina firamare. An sha gaya mini na ɗauko wushiryarsa da manyan kunnuwansa. Tsakanin taubasai kuwa babu kunya ko kaɗan, sai tsokana da zagin wasa. Na tsaya riƙe da ƙulli. Mai ɗakina ta zungure ni ta raɗa mini, "Malam, amsa mata mana. Ka manta abin da likita ya ce?" Na ce, "Ina nan, ke ce dai kika tsufa." Ta yi wata dariya har da riƙe ciki, irin wadda na saba jiyowa daga nesa. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na dawo aka ci gaba.

Haka na zama Taubashi. Kowace safiya in na shiga gaishe ta, kafin in zauna ta fara. "Ga shi nan, kunnuwa sun riga shi shigowa." Ta tuna mini ranar da kare ya bi ni na haye tsamiya na bar wandona a ƙasa. Ta tuna mini budurwar da ta ƙi ni a kasuwar Gwiwa. Duk na karɓa, har na riƙa kare kaina, ina cewa karen mahaukaci ne. Ta ce ban san komai a kan shanu ba, ko ciwon sammore ba na ganewa sai saniya ta faɗi. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina yawon rigakafi daga Roni har iyakar Nijar! Na ce mata ina da takardar shaida. Ta ce in kai wa saniya ta karanta.

Muna cin tuwo a kwano ɗaya. Tana tsame nama daga gabana ta ce haƙorana ba za su iya ba. Wani lokaci tana cikin magana sai ta ɗora hannu a gwiwata ta manta shi a nan. Nakan ƙi motsi har ƙafata ta yi sanyi, don kada ta ɗauke.

Kada in cika baki, nauyin ba a kaina yake ba. Mai ɗakina ce. Bahaushiya ce 'yar Kanya Babba, da ko gaisuwar Fillanci ba ta iya ba, amma da Hausar Inna ta fara zubewa sai ga ta tana harhaɗa Fillanci kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Ita ke yi mata wanka, ita ke canja shimfiɗa in an yi ɓari, ita ke yi mata kitso da lalle. Inna ba ta taɓa gane surukarta ce ba. "Bahaushiyar nan" take ce mata, kuma kusan kullum sai ta tuhume ta da satar maburgi, alhali ita ta ɓoye shi a cikin matashi. Akwai ranar da ta watsa mata kunu a jiki. Na tarar da mai ɗakina a bayan kicin tana hawaye, na ce ko a nemo mai taya ta. Ta ce, "A nemo, Malam, na gaji. Amma wanka ni zan riƙa yi mata, ba ta yarda da hannun kowa." Aka samo wata bazawara maƙwabciyarmu tana zuwa da rana, mai ɗakina ta samu tana runtsawa.

La'asar ita ce lokacin tashin hankali. Da rana ta karkata sai Inna ta miƙe tana neman ƙofa, wai shanu sun kusa dawowa ba a ɗaure maruƙa ba. Wata Juma'a ta faki ido ta fice da ƙwarya a ka. Muka bazu, ni har bakin dam na je. Ashe tana bakin kasuwa cikin masu tallan nono, ta zauna daram tana yi musu faɗa wai sun cika ruwa. Ɗaya daga cikinsu ta ce mini, "Baba, ku bar mana ita, gaskiya take faɗa." Bayan wannan ne mai ɗakina ta kawo dabara. Ta ce tunda shanu take nema, a kawo mata shanu. Ƙanena ya aiko da saniya ɗaya da maraƙinta, muka yi musu rumfa a bayan gida. Da la'asar Inna za ta ɗaure maraƙi, ta tsuguna ta yi tatsa. Matar da ba ta san sunan garin da take ba, yatsunta ba su manta komai ba. Daga ranar ba ta ƙara neman ƙofa ba.

Wadda ba ta ji daɗin wasan nan ba ita ce autarmu, malamar Islamiyya ce a Yankwashi. Ta zo ta ga ina tafawa da Inna, ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, wannan fa ƙarya kake yi wa mahaifiya kullum. Ba ka tsoron Allah?" Na ce likita ne ya ce. Ta ce likita ba shi zai amsa tambaya a kabari ba. Ta shiga ta durƙusa ta ce, "Inna, wannan ba Taubashi ba ne. Taubashi ya rasu tuntuni." Inna ta ce, "Ya rasu? Yaushe? Ba wanda ya gaya mini!" Ta ɗora hannu a ka. Yinin ranar ta yi shi tana makokin mutumin da aka binne shekara hamsin da suka wuce, ta ƙi abinci, ta ƙi tatsa. Auta ta zauna a tsakar gida tana kuka ta ce, "Yaya, na yi kuskure." Washegari Inna ta manta, ta tarbe ni da zancen kunnuwa. Auta kuwa daga ranar ta zama "matar mai unguwa" a bakin Inna, kuma ta riƙe muƙamin hannu bibbiyu.

Wata rana da hantsi, a shekara ta biyu, muna zaune a inuwar darbejiyar tsakar gida tana kaɗa nono. Ta dubi bishiyar ta ce, "Irin wannan ce a bayan asibiti." Na ce wane asibiti? Ta rage murya ta ce, "Kai ba a ba ka sirri, bakinka kamar na tulu. Amma bari in gaya maka. Lokacin da yaron nan ya kwanta, ɗan Goggo." Ta ce, "Kullum da asuba nake tasowa daga ruga da ƙwaryata, in ce na tafi talla. Sai in zauna a gindin darbejiya saitin tagarsa. In ya yi tari ina ji. Kwana goma sha ɗaya. Akwai wata mai shara, ita nake ba kindirmo in ce ta kai wa na gadon bakin taga, ta ce sadaka ce."

Na tuna kindirmon. Shi kaɗai cikina yake karɓa a lokacin. Goggo har addu'a take yi wa baiwar Allahn da ba mu sani ba.

Na ce, da muryar da ba tawa ba, "To me ya hana ki shiga?"

Ta dube ni kamar na zauce. "In shiga? Ɗan fari? A ce ba ni da kunya? Kai dai Taubashi ba ka da hankali tun kana yaro." Ta ci gaba da kaɗawa. Can ta ce, "Ka ji abin da ya ce mini ranar Sallah, a gaban mutane?" Na ce na ji. Ta dafa ƙirjinta da hannun da ke riƙe da maburgi ta ce, "Yana nan."

Duk abin da ciwon ya share, sunayen 'ya'yanta, mutuwar mijinta, hanyar banɗaki, bai share wannan ba. Na ce, "Yaro ne, ki yafe masa mana." Ta ce, "Kai ne shi? Wa ya aiko ka? In yana so ya zo da ƙafarsa."

To ga ni da ƙafata, a gabanta, kullum. Amma ba ta ganina. Daga ranar ban ƙara samun sukuni ba. Ina jin daɗin zama Taubashi, amma Taubashi ba shi da laifin da za a yafe masa, kuma Inna kullum ƙara nisa take. Tsorona ɗaya, kada ta koma ga Allah da maganata a ƙirjinta.

Na gwada duk dabarar da na sani. Na ce mata kai tsaye, "Inna, ni ne ɗan Goggo." Ta ce, "Ɗan Goggo yaro ne santalele, kai kuwa dubi furfura." Na je na aske gemu ƙwal, na sa shuni a gashi, na nemo wata tsohuwar rigar aiki da ta ƙi rufe mini tumbi. Na fita waje na yi sallama kamar baƙo, na shigo na durƙusa nesa, bakina a rufe don kada ta ga wushirya. Ta leƙo fuskata ta ce, "Taubashi, wa ya fige ka haka kamar kazar Sallah?" Mai ɗakina ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Wata biyu ina jiran gemu ya dawo, abokaina a masallaci suna tambaya ko amarya nake nema.

Na je wurin limaminmu na ba shi labari. Ya ce in ci gaba da hidima, in yawaita istigfari, Allah ya san niyya. Na gode masa. Amma ni daga bakinta nake so in ji.

A daminar bara zazzaɓin sauro ya kayar da ni. Kwana uku ban fita daga ɗakina ba, ban je gaishe ta ba. Ta yi ta tambaya ina mummunan nan ya shiga. Mai ɗakina ta ce mata, "Ba shi da lafiya, Inna, yana kwance, ko abinci ba ya ci." Ta ce Inna ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakina.

A rana ta huɗu da hantsi ina kwance, sai na ji ƙarar maburgi a cikin ƙwarya, kusa ƙwarai. Mai ɗakina ta shigo da sanɗa, idonta cike da hawaye, bakinta kuma yana dariya. Ta ce, "Malam, lallaɓa ka leƙa taga." Na leƙa. Inna ce zaune a ƙasa a gindin tagata, ta ba ta baya, tana kaɗa nono. Mai ɗakina ta ce, "Tun ɗazu take nan. Na ce ta shigo ta duba Taubashi, ta ce mini, 'Ke ba ki da kunya? Ni in shiga ɗakin yaron nan?'"

Ban san sanda na sauko daga gado ba. Na fito ina dafa bango, ba hula, ba takalmi. Tana jin motsina ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ƙara juya baya. Shekara hamsin wannan juya bayan yana ƙona mini rai. Ranar kuwa da za a ba ni duniya a ce in musanya shi, ba zan karɓa ba.

Na durƙusa daga nesa, inda ɗan fari yake durƙusawa. Na san ba a yi mata magana kai tsaye, don haka na dubi mai ɗakina na ce, "Ki ce mata ɗan Goggo ne ya zo da ƙafarsa. Ki ce maganar da na faɗa ranar Sallah, na yi kuskure, na yi rashin kunya. Ki ce na san wadda ta aiko da kindirmo. Ta yafe mini don Allah."

Mai ɗakina ta maimaita, rabi da Hausa rabi da gurguwar Fillancinta. Maburgin ya tsaya. A ranar Sallar can hannunta bai tsaya ba, yau ya tsaya. Inna ta dubi saniyar da ke bayan gida, ita ta yi wa magana.

"A ce masa na ji. A ce masa na yafe, duniya da lahira. Dama jira nake ya zo." Ta tura ƙwaryar gefe da bayan hannu, ba ta waiwayo ba. "A ce ya shanye wannan duka. Kuma a ce ya tashi daga nan ya sa hula, kada mutane su shigo su gan mu."

Na shanye, ina sha hawaye suna zuba a ciki. Ban taɓa shan nono mai daɗinsa ba.

Washegari na ji ƙarfi, na shiga gaishe ta ina ɗar-ɗar, ban san wanda za ta gani ba. Ta ɗago ta ce, "Ga kunnuwa nan. Ina ka shiga kwana biyu?" Na zauna. Ta matso ta kama hannun rigata ta ce, "Taubashi, albishirinka. Jiya yaron nan ya zo." Na ce, "Wane yaro?" Ta ce, "Ɗan Goggo mana. Da ƙafarsa." Na ce, "To me kika ce masa?" Ta ce, "Ina ruwanka?" Ta yi murmushi ita kaɗai, tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Ya girma, Taubashi. Har da furfura. Amma ya fi ka kyau nesa ba kusa ba."

Ba ta ƙara gane ni ba, ban kuma ƙara nema ba. Na sake gwada ta sau ɗaya kawai, bayan wasu makonni. Na ce, "Wai me yaron nan ya ce miki ranar Sallah?" Ta yi tunani ta ce, "Wace Sallah? Yaron nan ai ba ya magana, kunya gare shi kamar uwarsa." Ba ta dafa ƙirji ba.

Ta ƙara wata bakwai. A hankali ta daina tatsa, ta daina tsokana, daga baya maganar ma ta ɗauke. Amma in na shigo takan kai hannu ta ja mini kunne. Ta cika da safe, ranar Talata, kanta a cinyar Bahaushiyar nan, auta tana karanta mata kalmar shahada, ni ina riƙe da ƙafarta.

Don haka, Iya ta Gwiwa, ki daina yi mini kuka. Ta san ni. Sau ɗaya ne, da hantsi, na minti kaɗan, kuma ya ishe ni har in mutu. Sauran kwanakin kuwa na samu abin da babu ɗan farin da ya taɓa samu a rugarmu, na ci tuwo kwano ɗaya da uwata, ta zage ni, na rama.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata kamar yadda ta yafe mini, ya mayar mata da duk abin da ta manta a inda ba a mantuwa. Ya saka wa mai ɗakina da abin da ni ba zan iya biyan ta ba. Ya jiƙan Taubashi, wanda na ari sunansa shekara huɗu ban tambaye shi ba. Idan Allah ya sa muka haɗu a gidan rahama, na hango wata mata tana dariya da kowa, ta gan ni ta ja mayafi ta juya baya, ba sai an gaya mini ba. Zan nemi wuri daga nesa in durƙusa, in jira a ce ga abu can.